Na ɗaura ƙ, ɗ da ɓ a kan Alt a Vim sun ƙi fita, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke buga takardun makarantarmu ta Islamiyya a Aboabo, nan Kumasi, kuma da Vim, manhajar rubutu, nake aiki. Na sa layuka uku a vimrc, fayil ɗin saitunan Vim: `inoremap <M-k> ƙ`, `inoremap <M-d> ɗ`, `inoremap <M-b> ɓ`. A kwamfutar shagon yayana da ke Adum, mai Windows da gVim (Vim mai taga ta kansa), ƙ da ɗ suna fita, amma Alt da b wani menu yake buɗewa a sama. A laftof ɗina mai Ubuntu kuwa, cikin taminal (tagar buga umarni), ko ɗaya ba ya aiki: in zan rubuta "ƙasa" sai in ga "sa" ta haye layin sama. Na kuma ɗaura Ctrl da s don adanawa, shi kuma daskarar da allon yake yi. Ina so in ƙara ɛ da ɔ saboda sunayen wasu yara. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Layukanka uku lafiyarsu ƙalau, kada ka taɓa su tukuna. Maɓallin da ka danna yana bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya isa wurin Vim: tsarin kwamfutar, sannan tagar taminal, sannan tmux (mai raba taminal gida-gida) ko SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa) in kana amfani da su, sannan Vim kansa, wanda shi ma a cikinsa vimrc da fulogin (ƙananan shirye-shiryen da ake ƙara wa Vim) suke rige-rigen maɓalli ɗaya. Kowane hannu yana iya riƙe maɓallin, ko ya miƙa shi a wata kama. Matsaloli uku ka kawo, kuma a tasha uku daban suka faru. Aikin farko shi ne gano tashar da kaya suka faɗi.

Mu fara da na Ubuntu, don shi ne babba, kuma bayaninka ya riga ya tona shi. Fita daga Vim, ka rubuta `cat -v` a taminal, ka danna Enter, sannan ka danna Alt da k. Za ka ga `^[k`. Wannan `^[` ɗin shi ne Esc. Taminal ba shi da wata lamba ta musamman ta Alt, saboda haka Esc yake aikawa, ya biyo shi da harafin. Ctrl da c zai fitar da kai. Kana iya yin gwajin a cikin Vim ma: shiga yanayin rubutu, danna Ctrl da v, sannan maɓallin da kake zargi, Vim zai rubuta maka ainihin abin da ya shigo masa.

To dubi abin da ya sami "ƙasa". Esc ya fitar da kai daga yanayin rubutu zuwa yanayin umarni. A can k ma'anarta hau layi ɗaya sama. Sai a ta mayar da kai yanayin rubutu, ragowar "sa" ta zauna a layin da ba nata ba. Wannan da sauƙi, ido yana kama shi. Na ɗ ne mai ɓarna. Rubuta "ɗebo" ka gani: Esc, sannan d da e su haɗu su share har ƙarshen kalma, b ta koma baya, o ta buɗe sabon layi. Ka yi asarar kalma ba tare da ka sani ba. In ka daɗe kana gwadawa a kan takardun makaranta na gaske, ka koma ka karanta su.

Shi Vim wani abu daban yake jira. A tsohon tsarinsa, `<M-k>` ita ce lambar k, wato 107, an ƙara mata 128, ta zama 235. Taminal yana aiko abu biyu, 27 da 107, Vim yana jiran abu ɗaya, 235, sai suka yi saɓani. Maganin gargajiya shi ne ka gaya wa Vim kamannin da baƙon zai zo da su, a saman layukanka:

```
execute "set <M-k>=\ek"
execute "set <M-d>=\ed"
execute "set <M-b>=\eb"
set ttimeout ttimeoutlen=50
```

Layin ƙarshe ba ado ba ne. Yanzu da Esc da k suka zama ƙ, yaya Vim zai bambanta su da lokacin da kai da kanka ka danna Esc sannan k don ka hau sama, abin da mai Vim yake yi sau ɗari a yini? Da lokaci yake bambantawa. In k ta biyo bayan Esc cikin milisakan 50, na'ura ce ta aiko su. In ta wuce haka, yatsa ne. Idan ba ka sa wannan layin ba, `ttimeoutlen` tana iya zama a kan -1, Vim ya koma amfani da `timeoutlen`, wadda asalinta milisakan 1000 ce. Daƙiƙa guda cur ke nan da duk Esc da k za ta riƙa zuba maka ƙ a rubutu. Mutane suna yawan rikita waɗannan biyun saboda t ɗaya ce ta raba su: mai t ɗaya tana jiran yatsunka su ƙarasa ɗauri mai maɓalli biyu ko uku, mai t biyu tana jiran taminal ya ƙarasa aiko lambobin maɓalli guda. A kan SSH da intanet mai ja da baya, 50 tana iya yin kaɗan, sai ka kai ta 100. In akwai tmux a tsakani, shi ma yana riƙe Esc na ɗan lokaci, tsofaffinsa har milisakan 500. Sa `set -sg escape-time 10` a `~/.tmux.conf`.

Wannan maganin yana aiki, amma yana da tarko biyu da suka shafe mu a nan Gana musamman. Na farko, Ɔ babba. Hankali zai ba ka ka ɗaura ta a Alt da Shift da o, wanda taminal zai aiko a matsayin Esc da O babba. To maɓallan kibiya ma da Esc da O suke farawa a cikin Vim: kibiyar sama Esc, O, A ce. Ka kama wannan haɗin, kibiyoyi suna iya fara zuba maka Ɔ da A ko B a tsakiyar rubutu. Na biyu, lambar nan ta ƙarin 128 ba fili ba ce, akwai masu ita. 235 ita ce ë, `<M-b>` ta faɗa kan â, `<M-y>` ta faɗa kan ù. Wanda yake rubuta wa abokan ciniki a Lome, Wagadugu ko Abijan wasiƙa da Faransanci zai iya buga â ya ga ɓ ta fito, don a wurin Vim mai wannan tsari abu ɗaya ne.

Na shagon Adum ya fi sauƙi. gVim taga ce ta kanta, ba taminal a tsakani, shi ya sa ƙ da ɗ suka fita. Amma a saman tagar akwai jerin menu, kuma kowanne yana da harafin da ke buɗe shi da Alt: f, e, t, s, b, w, h. Na b shi ne Buffers. Tagar ta riga Vim karɓar maɓallin. Layi ɗaya ne maganinsa, `set winaltkeys=no`. Ka lura e ma tana cikin jerin, da ɛ ɗinka ta faɗa rami ɗaya. Tagar taminal ta Ubuntu ita ma tana da irin wannan zaɓi na buɗe menu da Alt a cikin saitunanta, ka tabbata a kashe yake.

Ctrl da s kuwa gado ne daga zamanin da ake haɗa taminal da babbar kwamfuta ta waya. Lamba 19, wato Ctrl da s, ma'anarta "dakata da aiko rubutu", lamba 17, Ctrl da q, ma'anarta "ci gaba". Allonka bai mutu ba, an ce masa ya tsaya ne, kuma duk abin da ka danna cikin fushi yana nan yana shiga. Danna Ctrl da q ya farka. Don ya daina, sa `stty -ixon` a `~/.bashrc`, ka rufe taminal ka sake buɗewa. Sababbin Vim suna kashe wannan da kansu, saboda haka daskarewar tana nuna ko dai naka tsoho ne, ko akwai wani abu a tsakani. Sannan ɗaurin yana bukatar layi biyu, `nnoremap <C-s> :w<CR>` da `inoremap <C-s> <C-o>:w<CR>`, don kowane yanayi da nasa teburin.

Na san abin da zai zo maka a rai: to a bar Alt a koma Ctrl mana. Kada ka fara. A taminal na gargajiya Ctrl lambobi 32 kacal yake iya samarwa, ta hanyar yanke saman lambar harafi. k ƙarama 107 ce, K babba 75, amma in an yanke su duka 11 suke zama, saboda haka ba yadda za ka raba ƙ da Ƙ. Dalili ɗaya ne ya sa Ctrl da i ya zama Tab, Ctrl da m ya zama Enter, Ctrl da [ ya zama Esc, wanda ya ɗaura ɗaya ya ɗaura ɗan'uwansa. Ga shi kuma Ctrl da b na tmux ne, Ctrl da d yana rage shigar layi, Ctrl da k kuma Vim yana amfani da shi wajen haɗa haruffa. Akwai sababbin taminal da suka iya aiko cikakken bayanin maɓalli, amma kai da kake yawo tsakanin kwamfuta biyu, ba a gina gida a kan wannan.

Yanzu a ce gwajin `cat -v` ya nuna maɓallin yana isowa daidai, amma har yanzu shiru. Matsalar ta koma cikin Vim, kuma umarni ɗaya ne yake warware fiye da rabinta:

```
:verbose imap <M-b>
```

Zai nuna maka ɗaurin da ke kan maɓallin yanzu, da sunan fayil ɗin da ya sa shi a ƙarshe. In ya ce bai sami komai ba, ba a karanta layinka ba. Duba `:echo $MYVIMRC` da `:scriptnames` ka ga fayilolin da aka loda bi da bi. A Windows sunan `_vimrc` ne, a Linux `.vimrc`. In da `sudo vim` ka buɗe, mai yiwuwa vimrc na root, wato mai kula da kwamfutar, ake karantawa, naka yana gefe. `sudoedit` ya fi. Neovim, wani reshen Vim, ba ya kallon `~/.vimrc` sam, nasa yana `~/.config/nvim/`. Sabuwar Ubuntu kuma da ƙaramin Vim take zuwa, vim-tiny, wanda bai san `let` da `execute` ba; in ka ga kuskure mai lamba E319, shi ne. `sudo apt install vim` ya kawo cikakken.

In kuma ya nuna wani fayil da ba naka ba, an ƙwace maka maɓallin. Vim yana karanta vimrc da farko, fulogin su biyo baya, kuma na ƙarshe shi ne mai magana. Dubi alamomin da ke gaban ɗaurin: tauraro na nufin `noremap` ne, `@` na nufin an ɗaura shi a kan fayil ɗin da ke buɗe kawai, kuma irin wannan yana rinjayar na gama-gari ko da wanne aka fara sawa. Misali sananne, fulogin auto-pairs, mai rufe baka da kansa, yana kama `<M-b>`, `<M-e>`, `<M-n>` da `<M-p>` ta wannan hanya. Wanda ƙ ɗinsa take fita amma ɓ ta ƙi a taminal, nan zai fara dubawa. Ana sakin na b da `let g:AutoPairsShortcutBackInsert = ''`. Don ka tabbatar fulogi ne, buɗe da `vim --noplugin`. Don ka tabbatar vimrc ne, kwafe layukan cikin ƙaramin fayil ka buɗe da `vim -N -u gwaji.vim`. Kada ka manta `-N`. In babu ita Vim yana komawa halin tsohon vi, inda `<M-k>` haruffa biyar ne kawai ba sunan maɓalli ba, sai ka zargi layin da ba shi da laifi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke cikin layin kansa, waɗanda ido ba ya gani. Umarnin ɗauri yana haɗiye duk abin da ya biyo baya har ƙarshen layi. In ka rubuta bayani a gabansa da alamar `"`, bayanin ma zai fito a rubutunka duk lokacin da ka danna. Fili ɗaya da ya rage a ƙarshen layi shi ma ya shiga. `:set list` zai nuna maka ƙarshen kowane layi da alamar `$`. Kai da kake ɗaukar fayil daga Windows zuwa Ubuntu a filas, ga naka: Windows yana rufe layi da alama biyu, Linux da ɗaya, ragowar tana bayyana a matsayin `^M`, kuma a ƙarshen ɗauri ita Enter ce. Alamarta, ƙ ta fito sannan manuni ya sauka sabon layi, ko kuskure E492 ya tarbe ka da buɗewa. Buɗe vimrc, `:set ff=unix`, `:w`. In ta WhatsApp aka turo maka layukan, sake buga su da hannu, don yana cinye tauraro da layin ƙasa a matsayin ado, wayoyi kuma suna lanƙwasa alamar zance. Wanda yake amfani da `<Leader>`, dole `let mapleader` ya zo kafin layukan ɗaurin, don a lokacin karanta layi ake maye gurbinsa. Idan kuma komai yana aiki da safe, da rana duk ɗaurin yanayin rubutu ya mutu lokaci ɗaya, tambayi `:set paste?`. Muddin `paste` tana kunne, an kashe su duka. `:set nopaste` ya dawo da su.

Ga shawarata, wadda ta fi duk facin da ke sama: ka bar Alt gaba ɗaya. Vim yana da tsarin da aka gina don rubuta harsuna, kuma da haruffan yau da kullum yake aiki, waɗanda babu taminal, tmux ko SSH da zai riƙe su. Ƙirƙiri fayil `~/.vim/keymap/hausa.vim`, a Windows kuma cikin `vimfiles\keymap`, ka sa wannan:

```
let b:keymap_name = "ha"
loadkeymap
;b <Char-0x0253>
;B <Char-0x0181>
;d <Char-0x0257>
;D <Char-0x018A>
;k <Char-0x0199>
;K <Char-0x0198>
;y <Char-0x01B4>
;Y <Char-0x01B3>
;e <Char-0x025B>
;E <Char-0x0190>
;o <Char-0x0254>
;O <Char-0x0186>
```

A vimrc kuma, `set encoding=utf-8` a can sama, sannan `set keymap=hausa` da `set imsearch=-1`. Daga nan `;k` ta ba ka ƙ, `;O` ta ba ka Ɔ ba tare da ta taɓa kibiyoyi ba, har dumsɔ ma ka rubuta ta yadda masu ita suke rubutawa. Na sa ƴ don masu bin rubutun Nijar. Wanda ya saba da 'y ya bar waɗannan layuka biyu.

Na zaɓi waƙafi mai ɗigo ne don a rubutu fili ne yake bin sa, ba harafi ba, saboda haka ba zai yi karo da wata kalma ba. Da yawa suna zaɓar alamar ɗauri ta sama, su sa `'k` ta zama ƙ, alhali Hausa cike take da ita: 'ya'ya, jama'a, sana'a, ga kuma duk kalmar da aka sa cikin alamar zance mai farawa da k, b ko d. Na kuma rubuta lambobin Unicode maimakon haruffan kansu da gangan. Fayil ɗin ya zama haruffan Turanci zalla, ko wace kwamfuta ta karanta shi ba zai gurɓace ba. In ka fi son ganin haruffan, to sai ka sa `scriptencoding utf-8` a layin farko. A vimrc kuwa dole ta zo bayan `set encoding`, in an juya su ɗaurin yana fitar da shirme irin Æ da wata alama maimakon ƙ, don ƙ bayit biyu ce a UTF-8, C6 da 99, kuma an karanta kowanne shi kaɗai.

Abin da ya fifita wannan tsari a kan `inoremap` shi ne yana bin ka wuraren da `inoremap` ba ya zuwa. Da layukanka na da, ko sun yi aiki, ba za ka iya neman "ƙasa" da `/` ba, don layin nema ba yanayin rubutu ba ne. Da wannan, `/;kasa` ta nemo ta, `r;d` ta maye harafi da ɗ, `f;b` ta kai ka ɓ ta gaba. Ctrl da ^, wanda a yawancin kibod Ctrl da 6 ne, yana kunna shi ya kashe shi yayin da kake rubutu, in za ka buga Turanci ko lambar shiri mai yawan waƙafi mai ɗigo. A layin umarni mai farawa da `:` a kashe yake farawa, saboda haka in za ka yi `:%s/kasa/ƙasa/` sai ka danna Ctrl da ^ kafin ka buga ƙ ɗin. Kuɗin da za ka biya ɗaya ne: in ka danna `;` kaɗai, Vim zai ɗan jira ya ga ko k na tafe. Ci gaba da rubutu kawai, maɓalli na gaba yana yanke jiran nan take; in ya dame ka, `set timeoutlen=500`.

In a kwamfutar wani kake, ba vimrc ba komai, a yanayin rubutu danna Ctrl da v, sannan u, sannan 0199, ƙ ta fito. A gVim na Windows, inda aka mayar da Ctrl da v na liƙawa, Ctrl da q ne madadinsa.

Wani lokaci bayan duk wannan sai ɗan akwati ko alamar tambaya ta fito a gurbin harafin. Sa manuni a kai ka danna `ga`. In ya nuna 0199, ɗaurin ya yi aikinsa, salon haruffan tagar ne ba shi da zanen ƙ; canza shi zuwa Noto Sans Mono ko DejaVu Sans Mono, a gVim ta `:set guifont=*`, a taminal ta saitunansa. In kuma `:set encoding?` ya ce latin1, abin da ake yawan gani a kan sabar da aka shiga ta SSH, fita ka rubuta `locale` ka duba `LANG`; in C ko POSIX ce, sa `export LANG=C.UTF-8` a `~/.bashrc` na can, ka fita ka sake shiga.